Me ya sa yaro mai naƙasa ba ya zama tauraro a littattafan yara na Hausa?

Kusan duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san tatsuniyar 'yar Bora da 'yar Mowa, wadda ake kira Ruwan Bagaja. An tura 'yar Bora, wadda ba a so a gidan, ta je ta wanko ƙirgi a wani ruwa mai nisa. Ta yi ladabi ga duk abin da ta gamu da shi a hanya. A ƙarshe aka ba ta ƙwai, ta fasa, sai ga dawakai da barori da dukiya, ta dawo gida a kan doki ana yi mata kiɗa.

'Yar Mowa ta ce ita ma sai ta je. Ta yi tsiwa da rashin kunya tun daga fitarta har dawowa. Da ta fasa nata ƙwan, a yadda yawancin iyaye mata ke ba da labarin, sai ga kutare da makafi da guragu a kan jakuna, ƙudaje na bin su. Su ne suka rako ta gida.

A nan ne yara kan fashe da dariya, kuma darasin da ake so su ɗauka ya fito fili, wato ladabi yana da riba. Sai dai akwai wani darasi na biyu da ba wanda ya yi niyyar koyar da shi. A cikin yaran da ke zaune a kan tabarmar ba a rasa wadda shan inna ya shanye wa ƙafa, ko wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa. Abin da shi ya ji a daren nan shi ne mutane irinsa su ne horon da ake yi wa mara kunya.

Masu naƙasa ba baƙi ba ne a adabin Hausa. Suna cikin tatsuniya, suna cikin karin magana, suna cikin labaran ban dariya na bakin kasuwa. Matsalar tana ga gurbin da aka ba su. Kusan kullum za a tarar babban mutum ne, mabaraci, ba shi da suna sai na lalurarsa. In ma an ga yaro kusa da shi, to ɗan jagora ne mai riƙe masa sanda.

Abin da ke da wuyar samu shi ne littafin yara na Hausa wanda tauraronsa yaro ne makaho ko kurma ko gurgu, mai suna, mai iyaye da abokai, mai ƙiriniya, wanda kuma labarin ba a kan idonsa ko ƙafarsa yake ba.

Ba 'yan kaɗan ba ne

A rahoton da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya fitar a 2021, ya ƙiyasta cewa yara kusan miliyan 240 ne ke da wata naƙasa a duniya, wato ɗaya cikin kowane yara goma. Rahoton ya ce yiwuwar a samu yaro mai naƙasa bai taɓa shiga aji ba ta fi ta sauran yara da kashi 49 cikin 100.

A Arewacin Najeriya ba sai an je nesa ba kafin a ga inda abin ya samo asali. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar shan inna, kuma Najeriya ce ƙasa ta ƙarshe da aka jira, bayan an ga cutar a Borno a 2016. Waɗanda ta kama kafin nan suna nan da ransu, wasu suna makaranta, wasu har sun zama iyaye.

Sanƙarau kuwa kusan duk bazara sai ya leƙo. Annobarsa ta 1996 ta kashe fiye da mutum 11,000 a Najeriya, kuma cikin waɗanda suka tsira da yawa sun tashi ba sa ji. Ga ƙyanda, ga hatsarin mota da na babur, ga yaran da rikicin Boko Haram ya raba da hannu ko ƙafa.

Ko sunan shan inna kansa labari ne. Ya fito ne daga imanin da aka daɗe da shi cewa wata aljana, Inna, ita ce ke shanye ƙafar yaro. Ashe tun kafin yaron ya iya karatu, al'umma ta riga ta tsara masa labarin da ke bayyana halin da yake ciki, kuma ba shi ne tauraro a ciki ba.

Wata malamar jami'a a Amurka, Rudine Sims Bishop, ta yi wani kwatance a 1990 wanda har yau marubutan yara ke yawan komawa gare shi. Ta kwatanta littafi da madubi da kuma taga. Yaro na buƙatar ya ga kansa a ciki, yana kuma buƙatar ya leƙa ya ga rayuwar wasu. Idan aka auna da wannan, asarar ta shafi ɓangare biyu. Yaro kurma bai samu madubi ba. Sauran yara tara kuma ba su samu tagar ba, don haka abin da suka sani game da kurma shi ne abin da suka tsinta a titi, inda ake cin ganye a gabansa don a tsokane shi.

Abin da harshe ya riga ya koyar

Marubucin da ya zauna zai rubuta wa yara labari da Hausa, da kayan aikin da ya gada zai yi, kuma kayan suna ɗauke da nasu ra'ayin.

“Aikin banza, makaho da waiwaye.” “Makaho ya rasa ido, ya ce ido na wari.” A jarida da rediyo kullum ana jin “gurguwar shawara”, “gurgun tunani”, “makauniyar biyayya”. Ba wanda ke nufin cin mutuncin kowa da waɗannan, kuma ba mai iya goge su daga harshe. Amma yaron da ya ji sunan halittarsa ana siffanta duk wani abu maras kyau da shi, ba ya buƙatar a yi masa fassara.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. “Kuturu da kuɗinsa, alkaki sai na ƙasan kwano” karin magana ce da ke ba kuturu cikakken matsayinsa na mai saye a kasuwa. Sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, da ake da su a garuruwan Hausa tun da daɗewa, suna nuna jama'a ce mai tsari da shugabanci, ko da yake an fi danganta su da bara.

Misali mafi ban sha'awa kuwa shi ne Gizo. Tauraron da yaran Hausa suka fi so yana da tsamin baki, ba ya iya furta wasu haruffa daidai, kuma duk mai ba da tatsuniya da ta iya aikinta sai ta kwaikwayi maganarsa. Gaskiya ne ana dariyar maganar tasa. Amma ba a taɓa jin tatsuniyar da aka kai Gizo wurin boka don a gyara masa harshe ba, ba a kuma taɓa jin wadda ya zauna yana kuka a kan lamarin ba. Gizo na da abin da ya dame shi: kwaɗayi, da yunwa, da yadda zai yi wa Kura wayo, da yadda zai kuɓuta daga hannun Sarki. Tsamin bakin yana nan tare da shi daga farko har ƙurunƙus, labari kuma na ci gaba.

Duk abin da ake nema a littafin zamani, Gizo ya riga ya yi rabinsa.

Kuskuren da wasu suka riga suka yi

Turawa sun fi shekara ɗari suna sa yara masu naƙasa a littattafansu, kuma kurakuransu a rubuce suke, wanda ya zo daga baya ba shi da uzurin maimaita su.

A littafin Heidi na Johanna Spyri, wanda ya fito a farkon shekarun 1880, akwai Clara, yarinya mai zama a keken guragu. Kafin littafin ya ƙare, iskar duwatsun Suwizalan da madarar awaki sun sa ta miƙe tana tafiya. A The Secret Garden na 1911, yaro Colin ma haka, ya tashi daga kekensa. Wata marubuciya 'yar Birtaniya, Lois Keith, wadda ita kanta da keke take yawo, ta rubuta littafi guda a 2001 a kan wannan ɗabi'a. Ta nuna yadda tsofaffin littattafan yara ba su san abin da za su yi da yaro mai naƙasa ba sai ɗayan biyu, ko ya warke ko ya mutu.

Warkewar ta fi kama da alheri, shi ya sa ta fi haɗari. Yaron da ke karantawa ya san ƙafarsa ba za ta dawo ba. Idan duk labarin da ya ƙare da daɗi sai an warke, to an gaya masa nasa labarin ba zai ƙare da daɗi ba. Akwai kuma zargi a ɓoye, wato da ya ƙara ƙoƙari, ko ya ƙara haƙuri, da shi ma ya tashi.

Marubucin Hausa ya fi kowa fuskantar wannan jarabawa, domin hanyar tana buɗe a gabansa. Cikin layi biyu zai iya kawo wani bawan Allah ya tofa addu'a, ko wani attajiri ya ɗauki nauyin aiki a Masar ko Indiya, a rufe littafi kowa na murna.

Har yanzu ma ƙasashen da ke buga dubban littattafan yara a shekara ba su kai gaci ba. Wata cibiya a Jami'ar Wisconsin da ke Amurka, wadda ke ƙirga littattafan yara da ake aiko mata, ta gano cewa a 2019 kashi 3.4 cikin 100 ne kawai ke da babban tauraro mai naƙasa.

A Najeriya akwai tsohon misali. Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna, ya fitar da The Drummer Boy a 1960, labarin Akin, yaro makaho mai kiɗan ganga a titunan Legas. Ɗaliban sakandare da dama sun karanta shi. Ekwensi ya ba Akin suna da zuciya da ra'ayin kansa, a lokacin da ba a saba ganin haka ba. Duk da haka Akin bai fita daga gurbin da aka san makaho da shi ba, wato titi da kiɗa da kyautar masu wucewa.

A 2019 littafin Boom Boom na Jude Idada ya ci gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, mai kyautar dala 100,000. Labarin wani yaro ne ɗan shekara takwas da ƙanwarsa mai ciwon sikila. Wannan ya nuna irin labarin na iya kai wa ƙololuwa a ƙasar nan. Amma littattafan biyu da Turanci suke, yaron da ke aji biyu a Ɓatagarawa ko Gumel ba zai iya karanta su ba.

Waɗanda suka gano bakin zaren

Akwai littattafai uku ko huɗu da ya kamata duk mai niyyar wannan aiki ya duba, don ya ga dabarar.

Susan Laughs na Jeanne Willis da Tony Ross ya fito a Birtaniya a 1999. Kowane shafi yana nuna wata yarinya tana wani abu, tana dariya, tana iyo, tana fushi, tana ɓarna, tana jin tsoro. Sai a hoton ƙarshe ake ganin ta zaune a keken guragu. Kafin mai karatu ya ga keken, ya riga ya san yarinyar.

A What Happened to You? na 2021, wanda James Catchpole ya rubuta, shi ma ƙafa ɗaya gare shi, wani yaro mai ƙafa ɗaya yana tsakiyar wasansa yara suka dame shi da tambayar ina ƙafarsa ta tafi. Har littafin ya ƙare ba a ba da amsa ba. Da gangan aka yi haka, domin abin da littafin ke koya wa sauran yara shi ne ba dole ne ya yi musu bayani ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake tsare yaro zabiya ko mai sanda da tambayoyi a motar haya zai gane amfanin wannan.

Na uku ya fi kusa da gida. Cece Bell, Ba'amurkiya, sanƙarau ne ya kurmantar da ita tana da shekara huɗu. A 2014 ta fitar da El Deafo, labarin yarintarta cikin zane, inda ta zana kowa da siffar zomo mai dogayen kunnuwa. An ba ta wata na'urar ji mai nauyi tana ratayawa a ƙirji, malama kuma ta rataya makirufo. Sai yarinyar ta lura malamar kan manta ba ta cire makirufon ba, don haka tana jin duk abin da take yi a ko'ina a makarantar, har a ban ɗaki. Ta zama mai gaya wa 'yan aji lokacin da malama ke dawowa. Littafin yana da ban dariya, yana kuma da ɗaci, domin babban abin da yarinyar ke nema shi ne ƙawa ta gaskiya wadda ba za ta riƙa nuna ta a matsayin “ƙawata kurma” ba. Irin waɗannan ƙananan bayanai ba mai iya ƙirƙiro su sai wanda ya rayu a ciki.

Daga Afirka ta Yamma akwai Emmanuel's Dream na 2015, labarin gaskiya na Emmanuel Ofosu Yeboah, ɗan Ghana da aka haifa da ƙafa ɗaya mai aiki. Ya yi sana'ar goge takalma a Accra yana yaro, sannan a 2001 ya tuƙa keke na tsawon kusan mil 400 a faɗin ƙasar don ya sauya yadda ake kallon masu naƙasa. A 2006 Ghana ta kafa dokar kare haƙƙinsu.

Labari ne mai kyau, amma a nan ma akwai rami. Idan aka gudu daga gurgu abin tausayi aka faɗa kan gurgu gwarzo, wanda sai ya zagaye ƙasa a keke kafin ya cancanci shiga littafi, an gudu ba a tsira ba. Yawancin yara, masu naƙasa da marasa ita, ba za su kafa tarihi ba. Suna son su ci wasa ne, a saya musu kayan Sallah, kada a gane su ne suka fasa tulu.

Kayan aikin na nan a gida

Marubucin Hausa ba ya buƙatar aro daga waje. Aliyu Namangi na Zariya, mai waƙoƙin Imfiraji, ya makance tun yana ƙaramin yaro, ya yi karatu da ka, ya tsara waƙoƙin da har yau ake nazarin su a jami'o'i, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa. Ɗalibai na haddace baitocinsa don jarrabawa, amma da wuya a samu ɗan ƙaramin littafi mai hotuna da ke nuna wa yara yadda yaro makaho ya zauna a makarantar allo ya riƙe karatu da kunne.

Yaran da ke zuwa Islamiyya suna isa Suratu Abasa tun da wuri, kuma malamai kan ba su labarin Abdullahi ɗan Ummi Maktum, sahabi makaho wanda ya yi ladanci, aka kuma sha barin Madina a hannunsa.

A filayen Kano da wasu garuruwa akwai ƙwallon guragu, wadda Misbahu Lawan Didi, shi ma shan inna ya taɓa shi, ya ƙirƙiro a 1988. 'Yan wasan na zama a kan katako mai tayoyi, suna tura kansu da hannu, suna buga ƙwallo da hannu, da gudun da mai ƙafa biyu zai sha mamaki. Akwai gasa, akwai faɗa da alƙalin wasa, akwai wanda ake ajiyewa a benci yana cizon yatsa. Duk abin da labarin yara ke buƙata yana wurin.

Sannan ga maganar hannu. Kuramen ƙasar Hausa na da harshensu tun kafin zuwan makarantun boko, kuma wata mai bincike Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinsa a Kano ta fitar da littafi a kansa a 2000. Ya bambanta da wanda ake koyarwa a makarantun kurame, wanda ya samo asali daga na Amurka ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makarantu a Afirka ta Yamma tun ƙarshen shekarun 1950. Mai zanen da zai zana yara biyu suna hira da hannu dole ya san wanne yake zanawa.

A ɗauka wani ya rubuta labarin yarinya kurma 'yar shekara takwas, wadda ragon layyar gidansu ya tsinke igiya ana gobe Sallah, kuma ita ce ta bar ƙofa a buɗe. Ita da yayanta suka bazama nema. A tsakiyar hayaniyar kara, inda ba mai jin muryar wani, su biyu suna magana da hannu daga nesa, suna fahimtar juna. An samo rago. Ta yi wa mahaifiyarta ƙarya, asiri ya tonu, aka yi mata faɗa kamar yadda za a yi wa kowace yarinya.

Faɗan nan na da muhimmanci. A gidaje da yawa yaro mai naƙasa yana tsakanin abu biyu, ko a yi watsi da shi ko a lallaɓa shi kamar ƙwai. Yarinyar da aka yi wa faɗa a kan ƙarya, an ɗauke ta cikakkiyar mutum mai hankali da za a iya tuhuma.

Akwai ƙananan abubuwa da ke tona asirin marubucin da bai yi bincike ba. Keken da aka fi gani a titunan Arewa mai taya uku ne da ake tuƙawa da hannu, wanda masu walda ke ƙerawa, galibi su ma guragu ne, ba irin na asibiti da ake turawa ba. Mai zanen da ya kwafo hoto daga intanet zai sa wa yaron ƙauye keken da ba zai yi tafiyar taku goma a cikin rairayi ba. Makaho ba ya shafa fuskar mutane don ya gane su, da murya yake ganewa. Kurma ba shiru yake ba, yana dariya da ƙarfi, yana ihu. Sannan a sa wa yaron suna kamar kowa. Al'adar liƙa wa mutum lalurarsa a matsayin laƙabi ta yi ƙarfi a bakin jama'a, littafi ba sai ya taya ta ba.

Batun kalma kuwa har yanzu ba a daidaita ba. Kafofin yaɗa labarai sun koma cewa “masu buƙata ta musamman” ko “masu lalura”. Wasu na ganin “naƙasasshe” na da kaushi. Amma ƙungiyoyin makafi da kurame da kansu suna kiran kansu makafi da kurame, kuma yaro ɗan shekara shida ba zai gane doguwar kalmar ofis ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Hanya mafi sauƙi ita ce marubuci ya ɗauki rubutunsa kafin a buga, ya kai makaranta irin ta Tudun Maliki a Kano, a karanta wa yaran da malamansu, ya saurari inda suka yi dariya da inda suka ɓata rai. Mafi kyau ma a samu marubutan daga cikinsu.

Wa zai buga, wa zai karanta?

Kasuwar littattafan Hausa ta manya ce. Littattafan soyayya da suka cika Kano tun shekarun 1980 sun koma WhatsApp da manhajojin waya, inda ba a buƙatar takarda. Littafin yara kuwa yana son mai zane, da launi, da takarda mai kauri, ga shi iyaye sun fi sayen abin da makaranta ta rubuto a jerin littattafai, galibi na Turanci.

Shi ya sa yawancin sababbin littattafan koyon karatu da Hausa suka fito daga shirye-shiryen da ƙasashen waje ke ɗaukar nauyi, kamar RANA da aka fara a Katsina da Zamfara, da Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato. Sun kai littattafai hannun yara masu ɗimbin yawa. Amma hukumar USAID ta Amurka, wadda ta ɗauki nauyin Mu Karanta, an rufe ta a 2025, abin da ke nuna ba a jingina da wannan bango har abada. Kuma duk inda aka ce sharaɗi ne a sa mai naƙasa a littafi, akwai haɗarin a cika sharaɗin da hoton yaro a keke can a gefen shafi, ba ya magana, ba ya komai.

A ɓangaren doka an ɗan motsa. A ranar 23 ga Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu naƙasa bambanci. Ta tanadi tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutum, da naira miliyan ɗaya ga kamfani. Ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta kuma ba gine-ginen gwamnati shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, wa'adin da ya cika a farkon 2024. Wanda ya leƙa makarantar firamaren unguwarsu zai iya auna inda aka kwana.

Sai kuma tambayar da aka fi mantawa da ita. In an rubuta labarin yaro makaho, shi makahon ta yaya zai karanta? Makarantar makafi ta Gindiri a Jihar Filato tana nan tun 1953, ana koyar da rubutun makafi na Braille, mai ɗigo shida da ake shafawa da yatsa. Amma littafin Braille na da girma da tsada, kuma abin da ake samu galibi na darasi ne, ba na nishaɗi ba. Ƙungiyar makafi ta duniya ta daɗe tana cewa ƙasa da kashi 10 cikin 100 na littattafan da ake bugawa ne ke isa ga makafi ta sigar da za su iya amfani da ita, a ƙasashe masu tasowa kuma abin bai kai haka ba.

Yarjejeniyar Marakesh ta 2013, wadda Najeriya ta amince da ita a 2017, da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, sun ba da damar mayar da littafi zuwa Braille ko murya domin makafi ba tare da an jira izinin mai shi ba.

Wayar hannu ta rage sauran wahalar. Shafukan African Storybook da StoryWeaver suna da labaran yara da Hausa kyauta, kuma kowa na iya sa nasa, ya yi amfani da hotunan da ke wurin. Manhajar Bloom tana ba marubuci damar naɗar muryarsa a kan kowane shafi, ya haɗa bidiyon maganar hannu domin kurame, ya kuma rubuta bayanin abin da ke cikin kowane hoto don a karanta wa wanda ba ya gani. Malamin firamare mai kwamfuta ɗaya da ɗan lokaci a hutun ƙarshen zango zai iya fitar da littafi mai shafi goma sha biyu, ya tura wa iyaye ta WhatsApp.

Bayanin hoton nan aiki ne da ke buƙatar natsuwa. A littafin yara, rabin abin dariyar a zane yake. Rubutu na iya cewa yarinya ta rantse ba ta ga rago ba, alhali a hoton ga igiyarsa tana leƙowa daga bayan zanenta. In ba a faɗa wa yaro makaho akwai igiyar ba, 'yan ajin za su yi dariya shi yana zaune yana tambayar me ya faru.